Yaron da Sai An Koya Masa Wasa

A yawancin gidajen Maraɗi, da zarar rana ta yi sanyi bayan la'asar, tsakar gida da ƙofar gida sukan koma hannun yara. Ƴan mata su baje duwatsun carafke, wasu su girka tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, maza kuwa su bi lungu suna gara taya ko suna jan motar kara. Babu wanda ya taɓa zaunar da waɗannan yara ya koya musu yadda ake shiga wasa, ko yadda ake jira har zagaye ya zo kan mutum, ko yadda kowa ke yarda cewa ƙasar da ke cikin gwangwani yau tuwo ce. Sun tsinci duk wannan ne a idon juna, kamar yadda suka tsinci Hausa a bakin iyayensu. Shi ya sa idan aka ce akwai yaron da sai an koya masa wasa, maganar takan zo wa mutane bambaraƙwai.

Ɗan ƙanwata yana cikin irin waɗannan yara. Lokacin da yake da shekara uku da rabi, duk hayaniyar da ake yi a tsakar gida ba ta dame shi ba, domin shi wurinsa gindin randa, inda yake jera marafan kwalbar lemo ɗaya bayan ɗaya, jajaye gefe guda, koraye gefe guda. Idan wani yaro ya taɓa marfi ɗaya, sai ya toshe kunnuwansa ya ƙwalla ƙara har maƙwabta su leƙo. A kira sunansa sau biyar ba zai waiwayo ba, amma motsin ledar biskit daga cikin ɗaki ba ya wuce shi. Da farko an ce kurma ne, da aka ga yana ji sai aka ce miskili ne, in ya girma zai bari, daga baya kuma aka koma cewa iska ce ta taɓa shi, aka shiga rubutu da hayaƙi. Sai da aka kai shi Yamai wani likita ya ambaci sunan abin da Faransanci, wato otizim, wanda kafafen yaɗa labarai na Hausa suke kira galahanga.

Kalmar galahanga tana da faɗi a bakin jama'a, domin akan jingina ta ga kusan duk yaron da girmansa ya saɓa wa na tsaransa. Abin da likitoci ke nufi da otizim ya fi haka ƙunci: bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun daga ciki, wanda ke bayyana a wahalar cuɗanya da isar da saƙo, da son maimaita abu ɗaya, da kuma yadda jiki ke karɓar ƙara ko haske ko taɓi. Leo Kanner, wani likitan yara a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, shi ne ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100, kuma an fi gano shi a maza. Gado yana da babban hannu a ciki. Tsohon zargin da aka yi wa iyaye mata cewa rashin nuna ƙauna ne ke jawo shi an daɗe da watsar da shi, haka nan rahoton 1998 da ya ɗora laifin a kan allurar rigakafi, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi.

Don a fahimci abin da za a koyar, dole a fara sanin abin da ya yi ƙaranci, kuma mutane da yawa sukan ɗauka magana ce. Akwai abin da ke riga magana zuwa. Jariri ɗan wata goma sha biyu zuwa sha huɗu, idan akuya ta shigo gida, yakan nuna ta da yatsa, ya juyo ya dubi fuskar uwarsa, sannan ya sake duban akuyar. Ba akuyar yake so a ba shi ba, so yake uwar ta ga abin da ya gani. Masana suna kiran wannan haɗa hankali a kan abu ɗaya, kuma a kansa ake gina kusan komai: a nan yaro ke jin kalmar "akuya" daidai lokacin da shi da mai faɗar ta suke kallon abu guda, a nan kuma yake gane cewa akwai wani hankali a wajen nasa. Yaro mai otizim sau da yawa ya iya neman abin da yake so, har ma yakan kama hannun babba ya ja shi zuwa bakin randa ya ɗora a kan moɗa, kamar hannun wani kayan aiki ne. Abin da ba kasafai yake yi ba shi ne ya kawo abu don kawai a gani. Kwaikwayo ma yakan yi masa wuya, kuma wasan da ake mayar da kara doki ko ƙasa tuwo, wanda sauran yara ke farawa wajen shekara ɗaya da rabi, yakan makara ko ya zo da wata siffa dabam. Connie Kasari da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun gwada koyar da waɗannan abubuwa kai tsaye ga yara 58 ƴan shekara uku zuwa huɗu, rabin awa kullum na tsawon mako biyar zuwa shida, suka buga sakamakon a 2006. Da aka sake bibiyar yaran bayan shekara guda, waɗanda aka koya wa haɗa hankali da wasa sun fi rukunin da ba a koya wa ba ci gaba a magana, ko da yake ba maganar aka zauna koya musu ba.

A nan akwai wani abu da ya kamata mu yi hattara da shi. Takardun gwaji da ake kawowa daga Turai da Amurka suna ba da muhimmanci ga kallon ido, alhali mu a nan yaron da ya tsura wa babba ido shi ake cewa ba shi da kunya, kuma tun yana ƙarami ake koya masa sunkuyar da kai. Saboda haka sunkuyar da kai gaban baƙon likita ba ya tabbatar da komai. Abin dubawa shi ne ko yaron yana waiwayar fuskar uwarsa ko yayarsa idan wani abu ya ba shi mamaki ko dariya. Haka kuma, kama haɓar yaro ana cewa "kalle ni" ba ya koyar da cuɗanya. Manya masu otizim da yawa sun bayyana cewa kallon ido yana takura musu har ya hana su sauraro, don haka abin nema shi ne yaro ya samu dalilin juyowa da kansa.

Shawarar da aka fi ba iyaye a unguwa ita ce a sake shi cikin yara, wai zai ware. Mu ma mun bi ta, muka sa yaron a wata makarantar renon yara mai zaman kanta, inda ajin ke cike maƙil, malama ɗaya. Mako uku ya yi yana tsaye jikin bango da hannuwa a kunne, sannan aka kira uwarsa aka ce yana ɓata wa sauran karatu, a mayar da shi gida. Ban ga laifin malamar sosai ba, domin ba wanda ya taɓa horar da ita a kan wannan, amma shawarar tun asali gurguwa ce. Tun a 1932 Mildred Parten ta Jami'ar Minesota ta lura cewa wasan yara hawa-hawa ne: yaro yakan yi wasa shi kaɗai, yakan tsaya yana kallon na wasu, yakan zauna gefen wani suna abu iri ɗaya ba tare da sun haɗa ba, sannan a fara musayar kaya, daga ƙarshe a kai ga wasan da ke da ƙa'ida da rabon aiki, irin langa ko ɓuya. Matakan sukan cakuɗe da juna, amma darasin a fili yake. Yaron da bai iya miƙa marfi ga mutum ɗaya ya karɓi wani ba, in aka jefa shi dandali cikin yara ashirin, an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Sauran yara suna koyo ta kallo, shi kuwa kallon ne bai zauna masa ba tukuna, saboda haka yawan yaran bai ƙara masa komai ba sai ƙara da tsoro.

Hanyoyin koyarwa su ma sun yi tafiya mai nisa. A 1987 Ivar Lovaas, wani masani a Amurka, ya ba da rahoton yara 19 da aka yi wa horo na awa 40 a mako, malami da yaro a kan tebur, ana ba da umarni, in yaro ya yi daidai a ba shi lada, kuma ya ce 9 daga cikinsu sun gama ajin farko a makarantar kowa da kowa. Rahoton ya ta da ƙura, ya kuma kafa cewa ana iya koyar da waɗannan yara, wanda a lokacin ba kowa ya yarda ba. Sai dai ba a raba yaran ta hanyar ƙuri'a ba, an yi amfani da tsawa da ɗan duka a cinya, kuma malamai sun yi ta lura cewa abin da yaro ya koya a tebur sau da yawa a tebur yake tsayawa. Yana iya nuna hoton kofi sau goma daidai, amma in ƙishirwa ta kama shi a tsakar gida ba ya neman kofin. Daga nan aka karkata zuwa koyarwa a cikin wasa da harkokin yau da kullum. Tsarin Denver na Sally Rogers da Geraldine Dawson, wanda aka gwada a kan yara 48 ƴan wata 18 zuwa 30 aka buga a 2010, ya nuna ci gaba a fahimta da harshe bayan shekara biyu, amma shi ma yana buƙatar ƙwararru su riƙa zuwa gida awoyi masu yawa kowane mako. Wannan ba abin da magidanci a Maraɗi zai sa a lissafinsa ba ne, tunda ƙwararrun ƴan kaɗan ne kuma yawancinsu suna Yamai.

Binciken da ya fi kusa da halin da muke ciki shi ne wanda Jonathan Green ya jagoranta daga Manchesta a Ingila, da yara 152 ƴan shekara biyu zuwa huɗu. A nan iyaye aka horar, ba yaran ba. Akan ɗauki bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, sannan a zauna da ita a kalla tare, a tsayar da hoton a wurin da yaron ya yi wani ɗan yunƙuri, ko kallo ko sauti ko miƙa hannu, wanda ita ba ta lura ba saboda tana ƙoƙarin sa shi ya yi abin da take so. Aikin gida kuwa kimanin rabin awa ne a rana. Sakamakon farko a 2010 bai nuna babban sauyi a alamomin otizim ba, ko da yake mu'amalar iyaye da yaran ta gyaru, amma da aka koma bayan kusan shekara shida, rahoton 2016 ya nuna tsananin alamomin ya ragu a yaran da aka horar da iyayensu. An sauya wa wannan tsari fasali aka gwada shi a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan da yara 65, inda ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba suka gudanar da shi, ya kuma yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana da shirin horar da masu reno, zama tara na rukuni da ziyarar gida uku, wanda aka gwada a ƙasashe da dama har da Habasha.

Abin da waɗannan tsare-tsare suka haɗu a kai na gan shi da idona a hannun mahaifiyarmu, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, bayan na karanta mata abin da na fahimta. Ta shimfiɗa tabarma gaban yaron, ba a bayansa ko a gefensa ba, ta zauna har fuskarta ta yi daidai da tasa, ta zo da nata marafan a cikin ƙwarya. Kwana huɗu ba ta taɓa nasa ba, ba ta kuma ce masa komai ba. In ya ajiye ja, ita ma ta ajiye ja a nata layin. In ya ƙwanƙwasa marfi a ƙasa, ta ƙwanƙwasa. Ƙanwata ta gaji ta ce, "Inna, wannan ai shi yake koya miki, ba ke kike koya masa ba." Inna ta ce, "Bar ni da maigidana, shi ya san hanyar gidansa." A rana ta biyar ya ɗaga marfi ya tsaya, bai ajiye ba, ya saci kallon hannunta don ya ga ko za ta bi. Daga wannan rana ta tattara marafan duka a ƙwaryarta, ta riƙa miƙa masa ɗaya-ɗaya tana cewa "ungo", in ya ajiye sai ta ce "nawa" ta ajiye nata a layinsa. Bayan ya saba, sai ta fara riƙe marfin kusa da fuskarta tana jira, ba ta miƙa ba, ba ta kuma yi magana ba. Ya yi ƙunƙuni, ya kai hannu, da ya ga ba a ba shi ba sai ya ɗago ya dube ta, nan take ta ba shi. Mako biyu bayan haka, a wannan gurbi na jira, ya ce "go".

Kowane mataki a nan yana da dalilinsa. Kwaikwayon yaro yana sa ya lura cewa abin da yake yi yana motsa wani mutum, kuma yana faruwa ne a kan abin da ya riga ya ƙaunata, saboda haka ba a buƙatar alewa a matsayin lada, marfin kansa shi ne ladan. Taƙaita magana zuwa kalma ɗaya ko biyu yana ba shi abin da zai iya kamawa, domin doguwar jimla a kunnensa kamar ruwan sama ne a kan kwano. Jiran kuwa shi ne ya fi wa manya wuya. Mun saba cika wa yaro buƙata kafin ya nema, ko mu yi ta jero masa tambayoyi, alhali irin wannan yaro yana iya buƙatar daƙiƙa biyar ko goma kafin amsa ta fito. Wasannin jiki ma suna da wannan amfani, wataƙila ma sun fi sauƙin farawa ga yaron da bai damu da kayan wasa ba: cakulkuli, ko lilo a zani tsakanin mutum biyu, ko sukuwa a kan gwiwa. A yi sau uku da waƙa iri ɗaya, a na huɗu a tsaya cak ana murmushi, duk abin da ya yi don a ci gaba, ko da ɗaga gira ne, a karɓe shi a matsayin magana. Da zarar wasa ya zauna, sai a ƙara masa abu ɗaya kacal. Marafan Inna sun tashi daga layi sun koma cikin gwangwani, daga gwangwani suka zama abin da ake aunawa da ƙaramar tiya, kuma bayan watanni suka zama kuɗin da ake sayen ƙuli-ƙuli na gaske da su a hannunta.

Ba banza ba kaka ce ta yi wannan aiki. Tsare-tsaren da aka rubuta a ƙasashen waje suna ɗauka uwa ce za ta zauna ƙasa ta yi wasa da ɗanta, amma a gidajenmu babba bai cika yin wasan yara ba, kuma in yaron ɗan fari ne, kamar wannan, uwa tana jin kunyar ko kama sunansa, balle ta yi ta lallashinsa gaban surukai. Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga goyo a baya, ga ƴar sana'ar cikin gida. Kaka kuwa al'ada ta riga ta ba ta lasisin wasa da jika, tana kiransa miji tana tsokanarsa, kuma tana da lokacin zama. Duk wanda zai kawo irin wannan horo Maraɗi ya tsaya a kan uwa kaɗai, ya bar rabin ma'aikatansa a waje. Wannan bai cire uwa ba. Nata rabon yana cikin aikin da take yi dama: wanka, sa riga, ba da fura, inda za ta iya riƙe ludayi ta jira, ko ta nuna riga biyu ya zaɓa.

Gaisuwa tana daga cikin abin da ya fi damun iyaye maza, domin yaron da ba ya gaida mutane ana ganin gidansu ne ba tarbiyya. Abin farin ciki shi ne gaisuwar Hausa tana da tsari tabbatacce, tambaya sananniya da amsa sananniya, kuma yara masu otizim sukan ji daɗin abin da ba ya sauyawa. Matsalar ita ce da yawansu suna maimaita abin da aka faɗa musu, a ce "ina kwana" su ce "ina kwana". In mai tambayar ya ce "ka ce lafiya lau", sai yaron ya maido masa da jimlar duka har da "ka ce". Dabarar ita ce a samu mutum biyu: ɗaya ya yi gaisuwar daga gaba, ɗaya ya tsaya bayan yaron ya raɗa masa amsar kawai, sannan a riƙa rage raɗar, daga kalma biyu zuwa "la", har a daina. A fara da mutum ɗaya a lokaci ɗaya kowace safiya, daga baya a sauya mutum da wuri, domin in ba a sauya ba yana iya ɗauka cewa baba kaɗai ake gaidawa, kuma a bakin zaure kaɗai. Buɗe tatsuniya ma haka yake, mai bayarwa ya ce "ga ta nan ga ta nanku" ya yi shiru, gurbin amsa yana jiran yaron kowane dare.

Sai an samu wannan tushe da babba sannan a kawo yaro, kuma ɗaya tak. An fi samun nasara da wanda ya ɗan girme shi, mai haƙuri, wanda aka yi wa bayani a fili: ka tsaya gabansa, ka kira sunansa, ka miƙa masa, ka jira, in bai karɓa ba ka sake gwadawa sau ɗaya. A zaɓi wasan da ke da farko da ƙarshe a bayyane, kamar gara taya daga wannan zuwa wancan ko cika gwangwani bi da bi, a yi minti biyar, a tashi tun ana dariya. Babba ya zauna kusa amma ya riƙa ja da baya. Akwai haɗari a nan da ya kamata a faɗa: a gidajenmu irin wannan nauyi yakan faɗa kan ƴa mace ƴar shekara bakwai ko takwas har ta rasa nata wasan da karatunta, don haka a riƙa karɓa-karɓa. Sannan gyaran ba a wuyan yaron kaɗai yake ba. Damian Milton, wani masani ɗan Ingila wanda shi kansa yana da otizim, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake, yadda mai otizim ke kasa karanta mu haka mu ma muke kasa karanta shi. Yaran unguwa da aka gaya wa cewa toshe kunne yana nufin ƙara ta yi yawa, ba hauka ba, sukan rage tsokana, wani lokaci ma su ne ke cewa a rage rediyo.

Batun ƙara ba ƙarami ba ne a gari irin namu, inda injin niƙa da kabu-kabu da lasifikar biki ba sa hutawa. Yaron da jikinsa ya cika da ƙara ba ya iya koyon komai, kuma birgimar da yake yi a lokacin ba taurin kai ba ce, tulu ne ya cika ya tumbatsa. Duka yana iya sa shi shiru, amma yana koya masa cewa kusantar mutane ciwo ne, wato akasin duk abin da ake ginawa. Kaɗa hannu ko jijjiga jiki kuwa, in ba ya cutar da shi ko wani, hanyarsa ce ta kwantar da hankali, kuma lokacin da za a ɓata wajen hana shi ya fi amfani a wajen koya masa neman ruwa. Wanda magana ta ƙi zuwa masa ba a jira ta. Tun 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka fito da tsarin miƙa hoto don neman abu, kuma a gida ana iya farawa da kayan kansu, ya kawo kofi in yana son ruwa, ya kawo takalmi in yana son fita. Wannan ba ya hana magana fitowa. Salula dai a yi hattara da ita, domin tana sa yaron shiru har a ɗauka an samu sauƙi, amma ba ta jira ya amsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ƴan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce awa ɗaya a rana gaban allon salula ko talabijin.

Duk wannan ba warkarwa ba ce, kuma wanda ya ce yana da maganin da zai cire otizim cikin kwana arba'in kuɗi yake nema. Addu'a ba ta hana zama a tabarma, amma watannin da ake ɓatawa ana yawon neman magani su ne watannin da ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin kama abu. Yaran ma ba ɗaya suke ba: wani zai yi magana ya yi karatu, wani zai buƙaci taimako tsawon rayuwarsa ko da an yi komai daidai, kuma wannan ba gazawar iyaye ba ce. Kafin komai a gwada jin yaron a likita, a duba tamowa, a kuma ambaci duk wata suma ko ƙafewar ido, domin farfaɗiya ta fi yawa a masu otizim kuma tana da magani.

Ɗan ƙanwata yanzu ya shiga shekara ta shida. Kalmominsa ba su da yawa, kuma har yanzu ba ya shiga langa, in yara suka yi yawa yakan koma gindin randarsa. Yana gara taya da ɗan maƙwabta ɗaya, yana amsa gaisuwar safe ga mutanen gida, baƙo kuwa sai an raɗa masa. Kwanan baya ya tsinci wani marfi mai ruwan zinariya a bakin hanya, ya ratsa tsakar gida ya kai wa Inna, ya ɗaga shi gaban fuskarta. Ta buɗe tafin hannu tana zaton ba ta zai yi, sai ya ƙi saki, ya dube ta, ya dubi marfin, ya sake dubanta har sai da ta ce, "Kai, maigida, wannan mai kyau ne!" sannan ya juya ya tafi da abinsa. Yanzu maganar da ake yi a gidan ita ce ta makarantar allo, kuma mahaifinsa ya riga ya je ya roƙi malam ya bar shi ya fara da zama a bakin tabarma na ɗan lokaci, da sassafe, kafin sauran almajirai su ɗaga murya.